Filin Kiyo: In kaji sun fara faɗuwa

A watan da ya wuce mun yi magana a kan ajiyar harawa da kara don bisashe. Wannan wata kuma akurki za mu leƙa.

Ga abin da ya kawo maganar. Ran nan da la'asar muna cikin karatu a makarantarmu ta yaƙi da jahilci, ajin mata. Na rubuta kalmar "kaza" a allo, na ce a karanta. Sai wata dattijuwa daga baya ta ɗaga hannu. Ta ce: "Malam, tun da ka ambaci kaza, ina da tambaya. Na ji ana maganar murar tsuntsaye a rediyo, ana cewa a yi hattara. Ashe ba ita ce annobar nan da muka saba gani kowane ɗari ba? Ni dai gani nake suna aka sake mata, don a zo a kashe mana kaji."

Aji ya ɗauki hayaniya. Wata ta ce gaskiyar Inna. Wata ta ce ita in nata suka fara, ba wanda zai ji, kasuwa za ta aika da su tun da sauran ƙarfinsu. Ranar dai ba mu koma kan allo ba. Na ce: "Inna, ki ba ni kwana bakwai." Ranar kasuwa na ɗauki kaye da bik, na tafi wajen likitan dabbobi, na yi ta yi masa tambaya har ya gaji da ni. Abin da na samo, da abin da na gani da idona tun ina yaro, shi zan ba ku a nan. Wanda ya iya karatu ya karanta wa na gida, musamman mata, don kajin nasu ne.

Mai shanu yana iya raina kaza. Mace ba ta raina ta. Ita ce asusunta. Yaro ya kwana da zazzaɓi, a kama zakara a sayar a kai shi likita. Baƙo ya sauka, a kama budurwar kaza. Kuɗin sabuni, da gishiri, da kayen ɗan lakwal, duk daga akurki suke fita. Mata nawa muka sani da suka fara da kaza guda, suka sayi akuya, daga akuya suka kai tunkiya? Saboda haka in mace ta ji an ce za a zo a kashe kaji, ta tsorata, ba laifinta ba ne. Kaza mai ƴaƴa ita ke tsoron shirwa.

To, Inna, cutar biyu ce.

Ta farko ita ce wadda muka sani tun kaka da kakanni. Da iskar hunturu ta taso, sai kaji su fara sunkuyar da kai. Su saki fukafukai, su yi zawo kore, wasu wuyansu ya murɗe. Ta bi gari gida-gida, ta kwashe fiye da rabi, wata shekara ta kusa share akurki. Likitoci suna kiranta Niyukasal. Wannan ba ta kashe mutum. Kuma tana da rigakafi, allura ko ɗigon ido. Zan dawo kan wannan, don nan ne maganar take.

Ta biyu ita ce murar tsuntsaye. Irin da ya fi ɓarna likitoci suna rubuta shi H5N1. An fara ganinta a jikin wata dinya ta gida a ƙasar Sin a 1996. A 1997 ta kama mutum 18 a birnin Hon Kon, 6 suka mutu, hukuma ta sa aka kashe kajin birnin gaba ɗaya. Daga nan duniya ta san ba wasa. Ba ta da magani a jikin kaza. Rigakafin Niyukasal ba ya tsare kaza daga ita. Kuma tana iya tsallakawa daga kaza zuwa mutum.

Na tambayi likita yadda za mu rarrabe su. Ya yi dariya, ya ce shi kansa da ido ba ya iya rantsuwa. Alamunsu sun yi kama ƙwarai. Amma akwai abin da ke sa a yi zargi. Ita murar tsuntsaye gaggawa gare ta. Ka rufe kaji da dare lafiya lau, da safe ka tarar da gawa biyar, shida, ba ka ga sun yi ciwo ba. Cikin kwana biyu tana iya kashe tara cikin goma. Zanko ya yi baƙi-baƙi ko shuɗi. Kai da fuska su kumbura. Ƙafafu su yi jan tabo, kamar jini ya kwanta ƙarƙashin fata. Sannan a lura da agwagi. Niyukasal ba ta cika kashe agwagwa ba. In ka ga kaji da zabi da talo-talo suna faɗuwa, har agwagi sun shiga ciki, to abin ya wuce wanda muka saba. Duk da haka tabbaci ɗaya ne: sai an ɗebi samfuri an kai Yamai, gidan binciken cututtukan dabbobi da ake kira LABOCEL. Can ne ake duba ƙwayar a faɗi sunanta.

Masu cewa ƙirƙira ce, ku tambayi mutanen Magarya. A watan Fabrairu na 2006 aka ba da sanarwar cutar ta ɓulla a wata babbar gonar kaji a Jaji, jihar Kaduna ta Najeriya. Shi ne karo na farko da aka tabbatar da wannan iri a cikin kajin Afirka. Kafin a ce me, ta kai Kano. Watan bai ƙare ba aka tabbatar da ita a ƙasarmu, a jikin agwagin gida a Magarya, jihar Damagaram. Ni lokacin ina ɗan lakwal, ƙauyenmu ba shi da nisa da can. Na tuna an hana cinikin kaji a kasuwa. Na tuna mutane sanye da fararen kaya, har hanci a rufe, mu yara muna bin su daga nesa. Na kuma tuna dare da mahaifiyata ta zuba kajinta a kwando, ta tura ƙarƙashin gado, ta ce duk wanda ya buɗe baki sai ta yi maganinsa. A ɗakin muka kwana da su. Allah ya tsare mu. Yau da na san abin da na sani, in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Kuma ba ta tafi ke nan ba. Ta dawo Maraɗi a 2015. Ta ɓulla a Yamai a 2021. A ƙarshen 2022 ta faɗa wa kajin ƙauye a jihar Tawa, ta kashe dubbai. Mai tafiya yana dawowa haka, ai ya san hanya.

Wa ke kawo ta? Mutane suna cewa tsuntsayen daji, kuma akwai gaskiya a ciki. Kowace shekara in sanyi ya yi tsanani a ƙasashen Turai, agwagin daji da wasu tsuntsayen ruwa suna tasowa su sauka a tabkunanmu, kamar na Madarumfa, da Tabalak, da Gidimuni. Wasu suna ɗauke da ƙwayar. Tana cikin kashinsu, da yawunsu, da majinarsu. Sanyi yana raya ta, a cikin ruwa mai sanyi tana iya yin makwanni. Agwagwar gida ta tafi tabki ta yi wanka, ta dawo ta sa baki a kaskon da kaji ke sha. Ita agwagwa kuma wani lokaci tana ɗaukar cutar ba ta nuna komi, tana yawonta. Saboda haka wanda ke bakin tabki ya raba agwagi da kaji, kowa da kaskonsa da makwancinsa. Yara kuma in sun tsinci mataccen tsuntsu a bakin ruwa, kada su taɓa, kada su kawo gida. A ƙasar Senegal a 2021 tsuntsayen ruwa sama da 700 suka mutu a dajin Juj saboda ita.

Amma fa kada mu ɗora wa tsuntsun daji duka laifi. Shi yana kawo ta bakin tabki. Daga tabki zuwa gari, daga gari zuwa gari, mu ne ke ɗaukarta. Tana hawa babur cikin kwandon dillali. Tana manne a takalmi, a taya, a buhun dussa, a tiren ƙwai. Kasuwa ce babbar mahaɗarta, inda kajin ƙauye ashirin ke wuni kwando jikin kwando, wanda bai sayu ba a maida shi gida da yamma.

A nan sai in faɗi laifina, don kada ku ce Malam yana wa'azi daga sama. Shekara huɗu da suka wuce, da ɗari, na je kasuwa na ga wani babban zakara ja. Irin wanda ake sayarwa jaka uku da rabi. Mai shi ya ce in ba da jaka biyu. Na ce yau na yi sa'a. Ban tambayi kaina abin da ya sa mutum zai karyar da dukiyarsa haka ba. Na kawo shi gida na sake shi cikin kajin maiɗakina. Kwana uku ya fara gyangyaɗi, na yanka shi muka ci. Kafin kwana goma, cikin kaji 17 saura 2. Na maƙwabta ma suka bi. Ba mu kira likita ba, saboda haka ba wanda ya duba ko wace cuta ce cikin biyun. Har yau in muka yi ƴar gardama da maiɗakina, sai ta ce: "Ina jan zakara?" Sai in yi shiru. Araha ba ta ado.

Shi mai zakaran ba mugu ba ne. Abin da kowa ke yi ya yi. Ya ga nasa sun fara faɗuwa, ya ce bari in ceci ko rabin kuɗi. Ya ceci jaka biyu, unguwa guda ta rasa kajinta. Kuma mako na gaba wani zai yi masa haka. Wannan ɗabi'a tun da Niyukasal muka koye ta, ita ma haka take yawo. Amma da murar tsuntsaye abin ya fi muni, don wanda ya sayi kazar ya kai wa ƴaƴansa, ba dukiyarsa kaɗai ka taɓa ba.

Darasin da na samu: sabuwar kaza, ko saye ko kyauta, ko wadda ta dawo daga kasuwa ba ta sayu ba, a ware ta ita kaɗai mako biyu zuwa uku. A kifa mata kwando nesa da sauran, da kaskon ruwanta daban. In ta wuce lafiya a sake ta. Dillali kuma ya tsaya ƙofar gida da kwandonsa, a fito masa da kaza.

Sai maganar yanka. Mun saba, da kaza ta fara layi sai a ce: "Yi maza kawo wuƙa, kada ta zama mushe." Wuƙa tana halatta nama, amma ba ta kashe ƙwayar cuta. Ƙwayar tana nan cikin jini, da hanji, da gashi. Wuta tana kashe ta, gaskiya ne. Naman da ya dahu sarai har ciki, ba sauran ja, da ƙwan da ya dahu har gwaiduwa ta yi tauri, ƙwayar ba ta rayuwa a cikinsu. Amma kafin nama ya kai tukunya, hannu nawa ya bi? Maigida ya yanka, jini ya fantsamo masa. Uwargida ta fige, ƙurar gashi tana shiga hancinta da idonta, ga goyo a baya. Ta fasa ciki. A miƙa wa yara kai da ƙafa da hanji, su tafi bayan ɗaki su babbaka sama-sama su ci. Nan haɗarin yake, tsakanin wuƙa da tukunya.

Ba don in tsorata ku nake faɗa ba. Cutar ba ta kama mutum da sauƙi, kuma ba ta cika tashi daga mutum zuwa mutum ba. Dubban mutane sun taɓa kaji marasa lafiya ba abin da ya same su. Amma wanda ta kama, tana kama shi da ƙarfi. Daga 2003 zuwa 2024, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya mutum sama da 900 da wannan iri ya kama, kusan rabinsu sun mutu. A ƙasar Masar, inda mutane ke kiyon kaji cikin gida kamar mu, ta kashe sama da mutum 100, kuma mata da yara ta fi kamawa. A Najeriya, a watan Janairu na 2007, ta kashe wata yarinya mai shekara 22 a Legas. Kazar jaka biyu ba ta kai a yi caca da ran ɗa ba. Mai lafiya a yanka a ci. Marar lafiya a lokacin annoba, a haƙura da ita.

Duk wanda ya taɓa irin waɗannan kaji, ya lura da jikinsa kwana goma. In zazzaɓi ya zo, ko tari, ko jan ido, ko numfashi ya yi wuya, ya tafi likita ranar nan. Kuma ya faɗa da bakinsa: "Kajinmu sun mutu, ni na taɓa su." In bai faɗa ba, za a ɗauka zazzaɓin sauro ne, a ba shi ƙwaya ya koma gida.

Gawar kaza fa? Mun saba mu kama ƙafa mu wurga bayan danga, ko kan juji. Kare ya ja ta unguwa ta gaba. Mage ta ci, ita ma tana iya mutuwa. Angulu ta sauka. A Burkina Faso a 2006 an samu ƙwayar a jikin angulaye. Kajin maƙwabta kuma su zo su yi tono a wurin. Abin yi shi ne a sa hannu cikin leda, a rufe hanci da baki da ƙyalle, a ɗauka. In likita zai zo ranar, a ɗaure guda ɗaya ko biyu cikin leda biyu, a aje inda kare da yaro ba sa kai, don ya samu abin ɗauka. Sauran a haƙa rami mai zurfi, ya kai ƙugun babban mutum, nesa da rijiya. A zuba su da gashin da kashin da ledar, a rufe a danne. Babba ne zai yi aikin, ban da yaro, ban da mai ciki. In an gama a wanke hannu da ƙafa da takalmi da sabuni. Sabuni yana kashe ƙwayar, ruwan jabel ma haka. Kashin akurkin da annoba ta shiga, kada a kai shi garka.

Wasu za su ce ai suna da maganinsu. Na sani. Barkono a ruwa, ɓawon maɗaci, toka, da kafso ja da rawaya na ƴan talla. Ni ma duk na gwada su lokacin jan zakara. Kafson nan an yi shi don wasu ƙwayoyi daban. Ba ya taɓa murar tsuntsaye, ba ya taɓa Niyukasal. Kuɗi ne kawai ke tafiya, kwanaki kuma suna wucewa.

Yanzu mu zo inda Inna ta fi jin tsoro: faɗa wa hukuma. Ba zan yi muku ƙarya ba. In an duba an tabbatar murar tsuntsaye ce, ana kashe kajin wurin, har da waɗanda ba su nuna ciwo ba. Ana rufe cinikin kaji na ɗan lokaci. Abu ne mai zafi. Batun diyya kuma ya sha kawo ƙorafi. A Najeriya a 2006 naira 250 aka fara biya a kan kaza guda, masu kaji suka ce bai kai kuɗin kasuwa ba, da yawa suka ɓoye nasu. Ni ina ganin wannan magana ce da ya kamata manya su riƙa dubawa. In talaka ya san zai samu abin da zai sake kafa akurki, kuma ba da jinkiri ba, da ƙafarsa zai je ya faɗa.

Amma mu ma mu yi lissafi. In ita ce ta shiga gidanka, kajin da kake ɓoyewa sun riga sun tafi. Ka faɗa, ka ƙi faɗa, cikin ƴan kwanaki za su mutu. Ɓoyon bai ceci ko ɗaya ba. Abin da ya ƙara shi ne ta samu lokacin shiga gidan ƙanwarka, da na surukarka, da ƙauyen gaba. In kuwa ba ita ba ce, Niyukasal ce, to ka huta da zullumi, likita ya gaya muku yadda za a tsare na sauran unguwa. Saboda haka da ka ga mutuwa ta yi yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, ka rufe sauran kajin, ka sanar da maigari, a kira likitan dabbobi mafi kusa. Yanzu ga salula, ba sai an jira ranar kasuwa ba. Kafin ya zo, kada kaza ta fita gidan, kada ƙwai ya fita, kada wata ta shigo. Maƙwabta su ma su tsare nasu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

A nan ne karatunmu ke da rana. Kowa ya ware shafi guda a kayensa. Ya rubuta: kaji nawa, zabi nawa, agwagi nawa, tantabaru nawa. In mutuwa ta fara, ya rubuta rana da yawan da suka mutu. Litinin 2, Talata 7, Laraba 11. Likita ya ce mini irin wannan takarda ta fi masa dogon bayani, don da ya duba ya san saurin cutar. Kuma in har an zo kashe kaji, ka tsaya a ƙidaya a gabanka. Ka karanta lambar da aka rubuta kafin ka sa hannu. In 14 ne, ka ga an rubuta 14. Kazar da ba ta shiga takarda ba, ba mai tuna ta ranar biya. Wanda bai iya karatu ba, dangwala yatsa zai yi ya tafi.

Na ce zan dawo kan rigakafi. Shi ne abin da ya fi kama hankalina cikin duk abin da likita ya faɗa. Ya ce: "Malam, kun saba da mutuwar kaji har ba ta ba ku mamaki. Shi ya sa in baƙuwar cuta ta shigo, ba mai ganewa sai ta yi nisa." Na yi ta juya maganar a hanya. Gaskiya ce. Kowane ɗari kaji suna mutuwa, mu ce lokacinsu ne. Murar tsuntsaye sai ta shigo ta ɓuya bayan tsohuwar annoba. Amma garin da aka yi wa kajinsa rigakafin Niyukasal, ɗari yana zuwa ya wuce kaji suna nan. Ran da aka wayi gari kajin da aka yi wa rigakafi suna zuba, kowa ya san wani abu ne daban, a ruga a faɗa tun tana gida ɗaya. Ke nan riba biyu: ka tsare kajinka daga wadda ke kashe su kowace shekara, kuma idonka ya buɗe ga wadda ke zuwa jefi-jefi.

Rigakafin iri biyu ne. Akwai na allura, akwai na ɗigo guda a ido. Na ɗigon ana sake shi kowane wata huɗu. Kaza mai lafiya ake yi wa, tun kafin annoba ta shigo gari. In ta riga ta kwanta, ya makara. A wajenmu kuɗin kaza guda bai wuce kuɗin ƙwai ɗaya ba. Kwalba guda tana isar kaji da yawa, kuma in an buɗe ta ba ta jira, zafi yana lalata ta. Saboda haka a haɗa kai, unguwa guda rana guda. A rufe kaji tun da dare, mai allura ya zo da sassafe. Kada a manta da zabi. Wanda ya ce ba ya iya kama nasa don a kan itace suke kwana, to lokaci ya yi da zai gina akurki. Laka da kara ne, ba siminti ba. Kuma akurkin ya kasance waje, kaji su bar kwana ɗaki ɗaya da yara.

Makiyaya, ku ma ga taku kaɗan. A 2024 a ƙasar Amurka an samu wannan cuta a jikin shanun tatsa, har cikin ɗanyen nononsu. Can nesa ne. Amma dafa madara kafin a ba yaro abu ne mai kyau tun dā, don akwai wasu cututtukan da ke bin ɗanyen nono, kamar tarin fuka. Kuma kada a bar kaji suna hawa kwamin ruwan bisashe.

Da kwana bakwai suka cika na koma aji na ba su duk wannan. Inna ta saurara har ƙarshe. Ta ce: "Malam, allura dai zan yi. Zancen kiran likita kuwa, sai ranar ta zo mu gani." Na ce: "Inna, ko wannan ma mun gode." Ranar darasin lissafi muka maida shi ƙidayar kaji. Kowace ta faɗi nata, ta fito ta rubuta a allo da hannunta, muka tara. Mata 21, kaji da zabi 186. Mun aika wa mai allura da lambar, ya ce zai zo ranar Alhamis da sassafe. Sauran makarantun yaƙi da jahilci, in kun yi irin wannan ƙidaya, ku rubuto mana da yawan da kuka samu da ranar da aka yi muku rigakafi, mu buga a wannan fili.

Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan ƴan tsakin zabi, da abin da ke kashe su da damina.